Shatin Lalle a Gefen Littafi

Inna Atika dillaliya ce a Tudun Wada, Allah ya jiƙan ta. Gajeriya ce mai saurin tafiya, kuma daga bakin kasuwa har Tudun Jukun babu gidan kullen da ba ta san zaurensa ba. Zannuwa take kaiwa, da kwanuka, da turare. Boko kam ba ta san ko baƙi ɗaya ba, karatunta bai wuce abin da za ta yi salla da shi ba.

A wajajen 1955 akwai wani ɗakin karatu a unguwar, benci biyu da kabad mai ƙofar gilashi. Malam Kailani ke kula da shi, mutum mai sanyin hali. Maza ne ke zuwa, teloli da akawuna da direbobi, su duba jarida su tafi. Matan aure kuwa, waɗanda wata malama mai suna Suzana ta bi gida-gida ta koya wa karatu, sun iya amma babu abin karantawa. Atika ta taɓa tarar da Saudatu, matar Alhaji Salmanu mai goro, tana ta maimaita rubutun jikin gwangwanin madara. Abin ya tsaya mata a rai.

Ta je ta sami Kailani, ba ta bar shi ba sai da ya buɗe kabad. Tun daga ranar, ƙarƙashin zannuwan da ke tasarta akwai littafi uku ko huɗu. Da zare take gane su: ja na renon jariri, baƙi na labarai, fari na koyon rubuta wasiƙa. Ba ta taɓa ajiye su a ƙasa ba, ta ce rubutu ne, ko na boko ne.

Ana nan wata Laraba sai ga Malam Sabo daga ofishin da ke kula da ɗakunan karatu, a kan keke mai ƙyalli, ya zo duba ɗakin. Ya zaro littafi ya buɗe, sai ga shatin yatsa ja a gefen shafi. Ya shinshina, ƙamshin turaren wuta.

"Malam Kailani, yaushe ka fara ƙunshi?"

Kailani ya sunkuyar da kai. Daidai nan Atika ta yi sallama ta sauke tasarta, ta ce ita ce ke kai wa mata.

"To daga yau an daina, Inna. Doka ta ce littafi ba ya fita. Duk mai son karatu ya zo ya zauna a benci."

"Duk mai so?"

"Duk mai so."

"Maimaita mini, ɗan nan, kunnena ya tsufa."

Ya maimaita, har da ɗaga murya. Ta kwance zarurrukanta ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a gefen zane, ta fita.

Ba ta nufi wurin matan ba. Bayan la'asar ta je gindin durumin da magidanta ke zama, wurin da bai saba ganin mace ta tsaya ba, ta tsaya ƙyam.

"Alhaji Salmanu, saƙo ne daga ofis. An ce in Saudatu na son karatu, ta zo ta zauna a benci, kusa da direbobi."

"Subhanallahi! Wa ya ce?"

"Malam Sabo. Sau biyu ya faɗa, ban ƙara masa ko gishiri ba."

"To ta bar karatun mana!"

"Sai ta bari. Kai kuma in ƙanenka ya aiko wasiƙa daga Kurmi, ka koma wurin mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa, ya karanta maka da ƙarfi, masu rake su ji sirrinka kamar da."

Aka tuntsire da dariya, amma ba ta yi nisa ba, don rabin waɗanda ke zaune matansu ne ke karanta musu wasiƙa a ɗaka.

Washegari da hantsi Malam Sabo ya dawo ya ƙarasa aikinsa, ya tarar da magidanta goma sha ɗaya a bakin ƙofa, Atika na zaune a dakali tana cin goro.

"Kai ne ka ce a fito mana da iyali?" in ji Salmanu.

"Ni? Alhaji, ban ce mata su fito ba!"

"Ka ce duk mai so," in ji Atika. "Su kuwa suna so. Ko dai su zo, ko littafi ya je. Zaɓi ɗaya, rana tana yi, ina da gidajen shiga."

Sabo ya cire hula ya share gumi. Ya dubi Kailani, Kailani ya dubi rufi. Daga ƙarshe ya ce kowane maigida ya sa hannu a takarda cewa shi ya ari littafin, Atika 'yar aike ce kawai. Aka kawo takarda. Da aka zo kan Salmanu, bai iya rubutu ba, sai aka tsoma masa yatsa a tawada ya dangwala.

Atika ta leƙa ta ce, "Ashe yatsan maza ma yana ɓata takardar ofis."

Ta miƙa hannu, Kailani ya ba ta littafin nan mai shatin ja, ta ɗaura masa zarensa.

"Inna, ki dai ce musu su riƙa wanke hannu," in ji Sabo.

"Lalle ba dauɗa ba ne, ɗan nan. Hannun da ya yi alwala sau biyar ne."

Ta ɗora tasa a ka ta nufi gidan Saudatu. Shekara tara ta yi tana wannan jigila, sai da gwiwoyinta suka ƙi. Har ta koma ga Allah ba ta iya karanta ko layi ɗaya ba, amma in aka ce littafi kaza ya ɓace daga kabad, ita ke faɗin gidan da yake, da ɗakin, da fantekar da aka ɗora shi a kai.