Ƙwan fitilar Inna Talatu

Ina zaune a shagon Malam Sale tela a Gumel, ina jira ya rage mini ƙafar wando, sai rediyonsa ya kawo labarin wasu manyan gine-gine da ake cikawa da kwamfutoci, inda ake ajiye hotuna da saƙonnin wayoyinmu. Wai gini ɗaya kan sha wutar gari guda, shi ya sa wasu ƙasashe ke son yanka musu farashinsu daban, kada nauyin ya faɗa kan sauran jama'a.

Malam Sale bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Ai mun yi wannan a gidan hayarmu. Mita ɗaya, ɗaki shida, in bil ya zo a raba daidai. Sai wani ya kawo firiza biyu yana sayar da ƙanƙara. Inna Talatu, tsohuwa mai ƙwan fitila ɗaya, ita ma daidai da shi take biya."

Na ce, "Ba ta yi magana ba?"

"Ko uffan. Ta kwance ƙwan, ta kai wa mai gidan, ta koma tocila. Kunya ta kama kowa. Washegari aka bi ɗaki-ɗaki ana duba kayan wutar kowa."

Ya ciji zare, ya miƙo mini wandona.

A hanya na duba hotunan da ke wayata. Ban san a wane gini suke kwana ba, balle wanda ke biya musu wuta.

Ku a unguwarku, wa ya koma tocila saboda firizar wani?