Tsohuwar Tsibiri da Tsuntsayen Watan Mayu

Shekarar da na kama aiki a tsibirin nan, sai in shafe mako guda bakina bai furta Hausa ba. Mijina ya rasu ban daɗe da biyo shi New York ba, ya bar ni da takardun zama da ba su kammala ba, da 'ya ɗaya a Zariya wajen Inna, mahaifiyata. Ba halin in je gida, domin in na fita ba za a bar ni in dawo ba. Wata dattijuwa 'yar Kumasi da kowa ke kira Hajiya ita ta ba ni gado a ɗakinta a unguwar Morrisania da ke Bronx, ita ce kuma ta kai ni wajen masu ɗaukar ma'aikatan kula da tsofaffi. Hausarta ta Zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Aikin kwana ne," in ji ta. "Ka tafi Litinin, ka komo Asabar. Tsohuwa ce ita kaɗai, ba wahala. Ka riƙe sallarka kawai."

Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri a cikin birnin ba. Jirgin ƙasa zai yi ta tafiya da ke har gidaje su ƙare, sai ki gan ki a kan ruwa, dama da hagu ciyayi ne da laka. Tsibirin siriri ne, titi ɗaya ya ratsa shi. Wata guguwar teku ta afka masa kafin zuwana, ruwa ya shiga gidaje har ƙirjin mutum. Da yawa daga maƙwabtan tsohuwar sun tashi ba su dawo ba, an toshe tagoginsu da katako. A bangon falonta ana ganin layin da ruwan ya tsaya.

Baturiya ce doguwa, tsohuwar malamar makaranta, mijinta ya daɗe da mutuwa. Ɗanta ɗaya yana wata jiha mai nisa, yana kira ranar Lahadi. Hannuwanta rawa suke yi ba tsayawa, idonta kuma ya yi hazo. Mama nake ce mata. Da farko ta ce ita ba uwata ba ce, daga baya ta daina gyara mini. Duk tsawon lokacin sanyin shekarar aikina wanka ne da magani da miya marar yaji. Ba ta da yawan magana, ni ma Turancina bai kai na hira ba. In na gama aiki sai in zauna a ɗan ɗakina na sama, in dinga kallon jirage suna sauka a filin jirgin da ke ƙetaren ruwa.

Da watan Afrilu ya shigo, sai matar nan ta zama wata daban. Wata safiya ta ce in buɗe taga, ta karkata kai tana saurare.

"Sun fara isowa," in ji ta.

"Su wa, Mama?"

"Tsuntsaye mana. Gobe za ki kai ni wajen raga."

Sai a ranar na san cewa ita da mijinta sun shafe rayuwarsu suna sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. A ƙarshen tsibirin akwai wani ɗan kurmi da ba a gini a cikinsa, inda tsuntsayen da suka shafe lokacin sanyi a ƙasashen kudu suke yada zango a hanyarsu ta zuwa arewa. Da dare suke tafiya, in gari ya waye su sauko su ci abinci. Na ce mata mu ma muna da shamuwa, in ta sauka a kan tsamiya manoma sun san ruwa ya kusa. Ta sa na maimaita sunan har ta iya faɗa.

Daga nan kullum in na idar da asuba sai in naɗe ta da bargo, in ɗora ta a keken guragu, in tura ta har kurmin. Hanyar tsakuwa ce, kafaɗuna sun ji jiki. A can mukan tarar da mutum biyu, wata mata mai furfura da gajeren gashi da wani mutum mai gemu wanda ba ya magana sai dole. Tsohuwar ce ta koya musu aikin tun suna matasa. Sun kafa raga baƙa siririya tsakanin sanduna, da ƙyar ido ke ganinta. Tsuntsu zai faɗa ciki, su zare shi a hankali, su sa shi a 'yar jakar yadi su kawo tebur. Su auna fiffike, su hura gashin ƙirjinsa su ga ko yana da kitse, su ɗora shi a sikeli, sannan su matse masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba da filaya, su sake shi.

Ranar farko na yi ta jira in ga inda ake tara waɗanda za a soya. Da na tambaya, mai gemun nan ya yi dariya har da tari. Matar ta bayyana mini cewa in wani ya sake kama tsuntsun a wata ƙasa, lambar za ta nuna inda ya fito.

"To ana sake kama su?" na ce.

"Kaɗan ƙwarai," in ji ta. "Yawancinsu ba ma ƙara jin labarinsu."

Tsohuwar ba ta iya riƙe filaya kuma. Zama kawai take yi, a kawo mata tsuntsu kusa da fuska, wani lokaci kafin a kawo ma ta faɗi sunansa daga kukansa. Sun sha miƙo mini in saki ɗaya, ina ƙi. Tsoro nake ji kada in karya shi, domin wasu ba su fi babban yatsana ba.

A bayan gidanta kuma akwai wani akwatin katako mai fitila a sama. Da magariba in kunna fitilar, da safe bayan mun dawo daga kurmi in kashe in buɗe. A ciki an jera kwalayen ƙwai, a cikin ramukansu kuma 'yan uwan malam-buɗe-littafi ne, irin masu yawon dare da ke bin haske, sun lafe suna barci. Da farko ƙyamarsu nake yi, ga ƙurar da suke barin wa mutum a yatsa. Tun da ba ta gani sosai, sai ta ce in dinga faɗa mata kamanninsu. Kalmomin ba su ishe ni ba, sai in koma ga abin da na sani.

"Wannan kamar ɓawon gyaɗa. Wannan fari ne da ɗigo-ɗigo baƙi, kamar atamfa."

"Mene ne atamfa?"

Da na je gida ranar Asabar na ɗauko zanena daga Bronx, ranar Litinin na kawo mata ta shafa. Akwai ranar da muka sami wani ruwan hoda da rawaya, jikinsa buzu-buzu. Ban san lokacin da na ce, "Kai, tubarkalla, wa ya yi maka wannan kwalliya?" da Hausa ba. Tsohuwar ta ce in sake faɗa. Ba ta tambayi ma'anarsa ba. Tun daga ranar in na buɗe akwatin da Hausa nake yi musu magana, ita kuma tana zaune tana ji. In mun gama sai in kai kwalayen ƙarƙashin shuke-shuke in girgiza, kada tsuntsaye su cinye su.

A tsakiyar watan Mayu ne Inna ta rasu. Ina kashe ƙarar wayata in zan kwanta saboda barcin tsohuwar ba nauyi. Da na idar da asuba na ga kiran ƙanena a jere. Na kira shi.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Inna lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Ina jin hayaniyar gidanmu a bayansa, har muryar maƙwabciyarmu na gane. Na ce a ba ni 'yata. Aka ba ta wayar, sai numfashinta nake ji. Can ta ce, "Umma, yaushe za ki zo?" Na ce in Allah ya yarda. Layin ya yanke ina zaune a kan sallaya.

Sai ga ƙararrawar tsohuwar daga ƙasa. Na sauka na tarar har ta jawo rigar sanyinta da kanta, fuskarta sai haske take yi. Iska ta juyo daga kudu, ga hazo ya rufe teku, ta ce irin wannan safiya ba kowace shekara ake samu ba. Na buɗe baki in gaya mata, na rasa yadda zan faɗi mutuwar Inna da Turanci. Sai na sa mata takalmi, na tura keken muka fita.

Ban taɓa ganin abu irin na ranar ba. Kowane reshe motsi yake yi. Ƙananan tsuntsaye masu rawaya da shuɗi da zanen baƙi da fari sun cika kurmin, wasu har a kan tsakuwar hanya, sun gaji ba sa ko gudun mutum. Jakunkunan yadi sun cika igiya, mutanen biyu ba su da hannun hutawa. Matar ta juyo ba ta ko tambaye ni ba, ta sa mini ɗaya a tafin hannu, ta nuna mini yadda zan sa wuyansa tsakanin yatsu biyu.

"Taimaka ki sakar mini wannan," in ji ta, ta koma aikinta.

Baƙi ne da ɗan ja-ja a fiffike. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma da ɗumi, zuciyarsa tana bugawa da sauri a cikin hannuna. Tun rasuwar mijina, in ban da jikin da nake wankewa don aiki, ban riƙe wani abu mai rai ba. Na tsaya a nan na kasa sakinsa. Hawaye suka fara zuba har kan hijabina.

"Buɗe hannunki," in ji tsohuwar a hankali. "Yana da sauran tafiya."

Na buɗe, ya yi ɗan jim a tafina, sannan ya tashi ya shige cikin ganye. Tsohuwar ta laluba ta kamo gefen rigata da hannunta mai rawa ta ce me ya faru. Da Hausa na fara faɗa, sannan na samo Turancin.

Ta ce in mayar da ita gida. Na ce ai ranar da take jira ke nan, ta ce in mayar da ita. A bayan gida ta tambaye ni me muke yi a garinmu in an yi rasuwa. Na ce gida kan cika da mutane, a shimfiɗa tabarmi a zauna, kowa ya zo ya yi gaisuwa ya yi addu'a.

"To mu zauna," in ji ta.

Muka zauna mu biyu har rana ta yi sanyi. Ina jan carbi, ita tana gyangyaɗi tana farkawa. Ba wanda ya shigo, sai mai kawo wasiƙu da ya ɗaga mana hannu daga titi. Ba a samu wadda za ta canje ni ba sai ranar Asabar. A ranar Hajiya ta tara matan unguwa, 'yan Gana da 'yan Nijar, aka dafa shinkafa da wake aka yi wa Inna addu'a. Babu wadda ta taɓa ganinta a cikinsu, amma sun zauna da ni har la'asar. Ranar Litinin na koma tsibiri.

Kafin watan ya ƙare tsuntsayen suka ragu, aka naɗe raga. Ba a jima ba tsohuwar ta faɗi a banɗaki a ƙarshen wani mako da ba na nan. Ɗanta ya zo, mutum mai ladabi da gajiya a fuska, ya ce zai kai ta gidan tsofaffi kusa da shi. Ni na haɗa mata kaya. Ranar tafiya ta riƙe hannuna ta tagar mota ta ce, "Shamuwa," ta yi dariya, motar ta ja. Akwatin fitilar na gan shi a bakin titi tare da tsofaffin kujeru. Na tsaya a kansa na ɗan lokaci, amma ɗakin Hajiya a hawa na sama yake, ba inda zan kai shi.

Aka tura ni wajen wani tsoho kusa da titin Fordham Road a Bronx. Da Mayu ya zagayo na hau jirgi wata Lahadi na koma kurmin. Matar mai gajeren gashi ta gane ni, ta rungume ni, ta ce ai ta ɗauka na ji, tsohuwar ta mutu a cikin sanyin da ya wuce. Ba wanda yake da lambata. Na taya su riƙe jakunkuna har suka tashi, sannan na bi ta ƙofar gidan tsohuwar. An ɗaga shi a kan ginshiƙai, an yi masa sabon fenti, ga keken yara a ƙofa.

Sai bayan wasu shekaru takarduna suka fito, 'yata ta zo ta riga ta zama budurwa. Mun daɗe muna zaune kamar baƙi a ɗaki ɗaya kafin mu saba. Na taɓa kai ta tsibirin sau ɗaya. Sauro ya cije ta, ta ce ƙafarta ta gaji, ta zauna a benci tana danna waya. Ban ga laifinta ba. A jirgin dawowa barci ya ɗauke ta, kanta ya faɗo kafaɗata, ban motsa ba har jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa. Tun daga nan in lokacin ya zo ni kaɗai nake zuwa. Ina tafiya da shayi a fulas da ɗan biredi, in dawo kafin azahar in ɗora girki.