Irin Waken Kawu a Buhun Malamin Gona

Ina da shago a Dutsin-Ma inda nake sayar da taki, iri da maganin feshi. Da tebur na fara a bakin kasuwa, kuma abin da tebur ya koya mini shi ne manomi ba ya sayen abin da aka ba shi labari, sai wanda ya gani a wajen maƙwabcinsa.

A kan bencin shagon nan muka saba da malamin gona, wani siririn mutum mai tsohon babur da ke zagaya ƙauyukan Kurfi. Shi ya fara nuna mini buhun adana wake mai riga uku, leda biyu a ciki, buhu a waje. Ya ce in aka zuba busasshen wake aka ɗaure kowace leda tam, ƙwaro ba zai huda shi ba, kuma ba a sa magani ko kaɗan. Na saro buhunan na jibge, suka yi wata biyu suna kallona ina kallonsu.

Malam ya ce abin yana da ƙa'ida. Bayan kaka ake tara mutanen gari a ɗaure buhu a gabansu, gab da damina a sake tara su a kwance. Amma sai waken na ɗan gari ne, kuma wanda ake jin maganarsa. Nan take Kawuna na Tamawa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifiyata. Mutum ne da ko rediyo ta faɗi lokaci sai ya fita ya dubi rana. Na san in ya yarda, Tamawa ta yarda.

Ranar da muka je, mutane sun cika ƙofar gidansa, shi kuwa ya ƙi. Ya ce tun kakanninsa da toka ake ajiye wake, bai ga abin da leda ta sani ba. A nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce a gaban jama'a, "Malam, mu ƙyale Kawu, tsoro yake ji."

Kawu ya juya. Ya shiga gida ya fito da wake a ƙwarya uku, ya sa aka bushe tokar, ya zuba da hannunsa. Shi ya matse iskar, shi ya ɗaure ledojin da irin ƙullin da yake wa shanun huɗa. Sai da aka kai buhun ɗakinsa aka ɗora kan katako, matarsa, wadda muke kira Inna, ta kira ni zaure ta tambaye ni ko na san abin da na sa aka ɗaure. Waken ci duk ya sayar tun makon jiya. Wannan irinsa ne gaba ɗaya, farin wake mai jan baki da ya gada daga mahaifinsa, wanda babu mai shi a garin sai wanda ya roƙa a wurinsa.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Bayan kwana biyu wani tela maƙwabcinsa, mai son tambaya, ya tare Malam ya ce wai me ke kashe ƙwaron tunda ba magani? Malam ya ce rashin iska. Tela ya kai maganar majalisa, ya ɗora nasa: abin da ya shaƙe ƙwaro har ya mutu, ta yaya zai bar iri da rai?

Tun daga ranar Kawu ya rasa sukuni. Ba ya iya kwance buhun, don za a ce maganata ta tabbata. Ba ya kuma iya mantawa da shi, don yana kusa da gadonsa. Duk Juma'a sai ya kira ni, ya gaishe ni sama-sama, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "To Alhajin kanti, wakena yana nan yana numfashi?" Malam ya yi masa bayani cewa busasshen iri barci yake yi, iskar da yake bukata ba ta taka kara ta karya ba. Kawu ya ce yana so ya san ko waken ne ya gaya wa Malam haka.

Ana cikin wannan korona ta shigo. Aka rufe kasuwanni, aka hana taro, aka tsare hanyoyi. Ni ma na rufe shago, ko da yake ba zan rantse cewa ƙofar baya ba ta taɓa buɗuwa ba. Na ɗauka aikin Malam ya tsaya ke nan, tunda duk aikinsa tara mutane ne ƙarƙashin bishiya. Ashe ban san shi ba. Ya raba lambarsa, manoma suka riƙa yi masa fulashin yana kira. Da ofishinsu ya ba shi takardar wucewa, sai ya koma bin gonaki ɗaya-ɗaya lokacin sharar gona. Zai tsaya daga bakin iyaka da ƙyalle a baki yana ɗaga murya, mai gona na tsakiya da manjagara yana cewa a sake faɗa. Darasin da da yake bayarwa sau ɗaya ga mutum talatin, yanzu sau talatin yake bayar da shi. Muryarsa ta dushe, babur ɗin ya ƙara lalacewa.

Lokacin buɗe buhu ya zo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mai unguwa ya ce babu taro. Malam ya ce to a kwance kawai, ai iri ne, damina ba ta jira. Kawu ya ce atafau. Mutane sun ga ɗauri, dole su ga kwancewa. In ya buɗe shi kaɗai waken ya yi kyau, za su ce ɗan ƙanwarsa mai sayar da buhu ya musanya. Ban ji haushi ba, don ni ma da a wani gida ne haka zan ce.

Malam ya ɗauke ni a bayan babur muka tafi, takardarsa a aljihu. Muka tsaya a ƙofar gida nesa-nesa da juna kamar masu gaba. Mun fi awa guda muna juya magana, sai Inna ta yi gyaran murya daga cikin zaure. Ta ce ita ba ta gane abin da ake wahala a kai ba. Ko ranar da aka ɗaure, maza ne suka gani, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa tsince wake. A kira mutum uku su shaida, sauran aikin a bar mata shi.

Aka kira mai unguwa da liman da tela. Tela ya fara duba ƙullin, ya yarda na Kawu ne. Kawu ya kwance. Ya tsoma hannu har gwiwar hannu ya ɗebo daga ƙasa. Waken fes, kamar ranar da aka zuba, sai 'yan ƙwari matattu da ba su kai cikin cokali ba. Na fara murmushi ina tuna kayan da ke jibge a shago, sai tela ya ce shi bai taɓa musun ƙwaro zai mutu ba. Tambayarsa ita ce waken, kuma kyawun fuska ba ya nuna mai rai.

Malam ya ce gaskiya ne, kuma akwai yadda ake ganewa. A ƙirga ƙwaya goma a shuka a tsohon gwangwani ko fasasshiyar tukunya, a riƙa ba su ruwa. Cikin kwana biyar za a ga nawa suka fito. Da a da ne, tire ɗaya zai shuka ya tara mutane su kalla. Inna ta ce a ƙirga mata goma-goma na gida goma sha biyu. Kawu yana tsaye ana ƙirgawa, kowace goma aka ware sai ya yi tsaki kamar ana cire masa haƙori.

Inna ba ta taka ko ƙofar gida ba. Ta katanga ta miƙa wa matar tela, matar tela ta ɗauki nata ta miƙa gaba tare da bayanin Malam. Kafin la'asar wake ya zagaye unguwa. Bayanin dai ya ɗan canja a hanya, don a gida na ƙarshe an ce sai an rufe gwangwanin da leda, sai da Malam ya kira ya gyara.

Kwana biyar ɗin nan ban ji daɗin abinci ba. In waken bai fito ba, buhunan da ke shago ba su ne damuwata ba. Irin kakana ne na wajen uwa zai ƙare a kan maganar da na yi don a yi dariya, kuma mahaifiyata tana da rai, tana da waya.

Rana ta huɗu labari ya fara zuwa wa Malam. Gida kaza tara, gida kaza goma cif. A wani gida kaji sun riga kowa gwadawa. Wata tsohuwa ta manta ta jefa nata cikin tukunya, ta aiko cewa ba ta san zancen tsiro ba amma yana nuna da wuri. Tela ya kira da kansa ya ce takwas, kuma yana nan yana jiran biyun su yi bayani.

Ina shirin yin barcin rana na farko a makon, sai ga kiran Kawu. Ko gaisuwa babu.

"Ka kashe mini iri. Ko ɗaya bai fito ba."

Na ce, "Kawu, ai ba a ba ka gwangwani ba."

Ya ce shi ba ya jiran a ba shi. Ya ɗebi ashirin ya shuka bayan ɗakinsa, don bai yarda da ƙirgar mutane ba. Ina jin haka sai na ji ana kokawa da wayar, muryar Inna ta fito. Ta ce in tambaye shi sau nawa yake tono su. Kullum da safe sai ya tone ya duba ko sun tsaga, ya mayar, da yamma ya sake. Ta ce ko ita aka yi wa haka ba za ta fito ba.

Kawu ya ce sai ya gani da idonsa. Shiga gidan mutane kuwa babu hali. Inna ta gaya mini yadda aka ƙare. Ya tsaya a tsakar gidansa, tela ya hau turmi daga nasa ɓangaren ya ɗaga gwangwanin madara sama da katanga, tsirrai kore shar suna rawa a ciki. Kawu ya ce a juya masa ɗaya gefen. Aka juya. Ya ƙirga da yatsa sau biyu, ya ce tara ne ba takwas ba, tela bai iya ƙirga ba. Daga nan ya shiga ɗaki ya ɗauko sungumi ya fara gyara ƙotarsa.

Da ƙasa ta jiƙu sosai ya shuka tsakanin gero kamar kullum, waken ya rufe gona. Kafin kaka buhunan shagona sun ƙare har na sake saro wasu, kuma yawanci maza ne ke zuwa suna cewa an aiko su daga cikin gida.

Bayan an buɗe hanyoyi Kawu ya zo Dutsin-Ma, ya same mu a benci ni da Malam. Ya sauke ƙunshin sabon wake tiya biyu a gaban Malam, ya yi masa addu'a mai tsawo, ya ce ya sha zuma saboda muryarsa. Na miƙa hannu ina jiran nawa. Ya dube ni ya ce a ba shi buhu biyu, ɗaya na iri ɗaya na ci.

"Kai kuma," in ji shi, "in wani sabon abu ya sake zuwa, ka gwada shi da waken dangin babanka."