Gurun Yaya

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina ta tsaya mana a Korgom hatsi na cikin ƙunshe kai. A wannan shekarar ce wana ya soma fitsarin jini. A Tasawa aka shafa masa na'ura a kwiɓi, aka ce akwai ƙari a ƙodarsa ta hagu, amma sai sikanar, babbar na'urar hoto ta Maradi, za ta nuna ko ruwa ne ko tsoka. In ruwa ne, a bar shi. In tsoka ne, sai wuƙa.

Ni na raka shi, don na soma karatun manya, ina iya karanta sunayen ƙofofi. Muka yi ta zama a barandar asibiti, ba kuran, wato wutar lantarki. Injin wuta kuwa ba a tada shi sai an samo man gazuwal. Yaya na ta ramewa ina kallo.

Ranar da aka kira mu, aka ce ya cire duk wani ƙarfe. Ya ba ni zobensa. Aka tura shi cikin bakin na'urar. Jim kaɗan lokotoro, wato likita, ya fito, ya kira ni gaban allo. Daidai ƙugu hoton ya tsattsage da farin haske, ya rufe rabin ƙodar.

"Baba, mi ke ga ƙugunka?" lokotoro ya tambayi Yaya.

Na san amsar. Guru ne da mahaifinmu ya ɗaura masa tun yana saurayi, da ƙarfe ɗinke cikin fatar. Sharaɗinsa kada ya taɓa ƙasa, kada baƙo ya riƙe shi.

"Wannan ba ƙarfe ba ne, tsari ne," in ji Yaya.

"Gazuwal na ƙarewa, Baba. Ga mutane a waje."

Na durƙusa gefen gadon na'urar. "Yaya, ni baƙo ne?"

"Kai da ka ɓatar da akuya da igiyarta?"

"Ba ni shi. A jikina zan ɗaura."

Ya daɗe yana dubana, sannan ya ɗaga riga. Inda gurun ya kwanta fatar ta yi fari. Na kwance gurun, na ɗaura shi bisa ƙuguna, da ɗuminsa.

Aka yi masa allurar da ke haska jini, aka sake tura shi. Wannan karon hoton ya fito tas. Ƙarin ya sha ruwan allurar, ya yi haske. Lokotoro ya ce tsoka ne, sai a yi masa aiki a Yamai, kuma kada mu jira kaka.

A tashar mota na kai hannu zan kwance gurun.

"Bar shi nan," in ji Yaya. "Can ma cewa za su yi in cire."