Garin Kunun da Aka Zubar a Gidan Yayana a Dubai

A lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina zaune a ƙauyenmu da ke ƙasar Anka ina jiran aiki. Ni mutum ne mai tsoron ɓata wa manya rai, kuma babu wanda nake ganin girmansa kamar babban yayana da ke zaune a Dubai yana harkar zinari. Shi ya biya mini makaranta. Shi ne kuma ya girka injin niƙa a bayan gidanmu, inda masu haƙo masa duwatsun zinari suke niƙa su, da yamma kuma mata su kai geronsu. Na san yadda gubar dalma ta kashe yara a Dareta da 'Yargalma, amma na riƙa gaya wa kaina cewa wataƙila duwatsun wajenmu daban ne.

Da ya aiko mini da biza, Inna ta fi ni murna, don ba ta taɓa ganin 'ya'yansa ba sai a waya. Ta surfa gero da hannunta, ta kai injin aka niƙa, ta haɗa garin kunu da citta da kanumfari, ta ƙulle a leda. Ta ce in gaya wa ƙaramin, wanda take kira mijinta, ya sha ya yi ƙiba, don ba za ta zauna da miji ramamme ba.

An karɓe ni hannu biyu, ba zan ɓoye wannan ba. Sai dai ina miƙa saƙon Inna, yayana ya tambaye ni inda aka niƙa garin. Da na faɗa, ya daka wa yaron tsawa kada ya taɓa. Matarsa ta sa safar hannu, ta ɗauki ledar da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara, ta dawo ta goge teburin da maganin wanki. Yayana ya kira ni ɗan boko yana dariya, ya ce ai ni ya kamata in fi kowa sanin cewa duk abin da ya bi ta injin nan guba ne. Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa Inna. Ya ce mutanen ƙauye cikinsu ya saba, kuma idan aka tayar da maganar hukuma za ta rufe wurin, to wa zai ciyar da gida? Daga nan ya tura mini farantin nama ya ce in ci. Na ture farantin saboda ƙyama. Duk sauran kwanakin da na yi, in na kalli agogon hannunsa ko ƙoshin yaransa sai in kau da kai.

Amma abin da ya fi ba ni ƙyama shi ne ni kaina. Da na dawo, Inna ba ta tambayi tsaraba ba, sai ta tambaya ko mijinta ya sha kunu. Na ce ya sha har ya nemi ƙari. A gabana 'yar ƙanwata, wadda ba a daɗe da yaye ta ba, tana zaune da kofin kunun garin da aka niƙa a injin nan. Na ce a raina sai na bincika tukuna, sai na sami aiki, sai na sami hanyar faɗa ba tare da na tona asirin yayana ba. Ina cikin wannan jinkiri yarinyar ta fara amai da jijjiga. A asibiti aka auna jininta aka sami dalma. Ba zan iya rantsuwa cewa da na yi magana da wuri da ta tsira ba, amma ban ba ta wannan damar ba. Ta rayu, alhamdu lillahi, sai dai har yau maganarta ba ta fita kamar ta sa'anninta.

A bakin gadon asibitin na gaya wa Inna komai. Ba ta zage ni ba. Ta ce wato shi ya sani ya kare nasa 'ya'yan, ni kuma na sani na kare shi. Washegari ta sa aka ciccire injin daga bayan gida, kuma in yayana ya kira ba ta karɓar wayar.

Abin da na koya, in har na koya, shi ne kunyar babba ba ta kai lafiyar yaro ba. Duk wanda ya je wurin ɗan'uwa a ƙasar waje, kada kyan gida ya rufe masa ido, ya lura da abin da ɗan'uwan ke hana 'ya'yansa ci daga gida, kuma ya faɗa wa mutanen gida ranar da ya dawo. Masu kai hatsi injin da ake niƙa dutse, don Allah ku daina. Ni dai duk safiya in yarinyar nan ta zo gaishe ni, sai na jira ta daɗe tana kokawa kafin ta iya cewa Kawu.