Kallamu da Kawunan Wasiƙu

Kallamu taubashina ne, ɗan wan uwata. Ya girme ni da shekara ashirin, amma wannan bai hana ni ce masa bawa ba, shi ma bai taɓa fasa ce mini ɗan banza ba. Gida ɗaya muke a Birnin Konni, don haka abin da zan faɗi ba ji na yi a tasha ba.

Shekara goma sha tara ya yi yana palanto, wato masinja, a wani buro, ofishin gwamnati na gari. Ba zan ambaci sunan buron ba, don ina son in ci gaba da wucewa ta ƙofarsa lafiya. Aikinsa a miƙo masa wasiƙa, ya cusa a jaka, ya hau keke. Yau Malbaza, jibi Bazaga, cikin rairayi da ƙaya. A lakwal, makarantar boko, aji uku ya yi, faransanci da yatsa yake karanta shi, baƙi bayan baƙi, leɓe na motsi. Amma karatun allo ya yi shi har sauka, kuma in ka ba shi ajami sai ka ce ruwa yake sha. Yana da wata ɗabi'a da yara ke yi masa dariya a kai: ko yana bisa keke, in ya hango guntun takarda mai rubutun Larabci a ƙasa sai ya sauka, ya kakkaɓe, ya soke ta a tsagar katanga, kada ƙafa ta taka sunan Allah.

A shekarar 1976 gwiwoyinsa sunka fara yi masa gardama. Da safe sai matarsa Tsahara ta gasa masa su da tsumma kafin ya iya hawa keken. Ana cikin haka takarda ta zo daga Yamai: kowane buro ya aiko mutum guda a koya masa aikin ajiyar takardu, sati uku. Bayan an dawo, malamar da ta koyar da su za ta zagayo ta duba ɗakin takardun kowa. Wanda ta gamsu da aikinsa ta sa masa hannu a takardar shaida, ya zama mai ajiyar takardu, da kujera da makulli.

Akawunan buron duk sunka sunkuyar da kai. Sun san ɗakin: jemagu a sama, gara a ƙasa. Kallamu ya ɗaga hannu. Shef, shugaban buron, ya ce masa, "To, amma ka ji da kyau. In ba ta sa hannu ba, kekenka na nan jingine yana jiranka."

Ya tafi, ya dawo da littafi cike da zane-zane da wata irin tafiya ta manya. Cikin kwana goma ɗakin ya sake kama. Ya kori jemagu, ya jera katako bisa bulo, ya hana kowace takarda taɓa bango ko ƙasa. Kowane kwali da lambarsa da shekararsa. Wani akawu ya shigo yana tauna gyaɗa, Kallamu ya rako shi har ƙofa, ya ce ɓera ba ya zuwa sai an gayyace shi. Tsahara ta ce mini har tukwanenta ya so ya jera bisa shekarar da anka saye su, ta nuna masa muciya.

Saura buhu uku a lungu. Wasiƙu ne na ajami, waɗanda masu gari da hakimai sunka riƙa aikowa tun zamanin Nasara. A Yamai an koya masa cewa abin da ke da kwafi biyu a ajiye guda, ɗayan a rubuta shi a jeri, a ƙone. To kowace wasiƙa a buhunan nan, tafinta ya riga ya juya ta da faransanci a cikin wani babban littafi, da lamba da tambari. Kallamu ya dubi littafin mai bango, ya dubi buhunan da ɓera ya yi wa fitsari, ya yanke hukunci: littafi ya zauna, buhu ya sha wuta. Shef ya ce madalla, da ma wurin yake so ya ajiye tayoyin mota.

Sai dai kowace wasiƙa da bisimilla take farawa.

Wata ranar Laraba da hantsi na biyo ta bayan buron, na tarar da shi zaune bisa tabarma a inuwar dogonyaro, da reza a hannu da gwangwanin biskit a gefe. Yana ɗauko wasiƙa, ya yanke layin sama, ya sumbace shi, ya saka a gwangwani, ya tura sauran gefe.

Na ce, "Bawa, ashe wanzanci anka koya maka Yamai?"

"Tsaya can, ɗan banza, kada ka taka min. Kawuna nika cirewa. Su zan bizne inda ƙahwa ba ta zuwa, gangar jikin a ƙone."

"Nawa ka yanka?"

"Ɗari ukku da wani abu. Kwana huɗu ke nan."

Ni ma na taɓa allo kafin malam ya gaji da ni. Na ɗauki guda cikin marasa kai, na yi ta dube-dube, na sa yatsa a tsakiya.

"To wanga hwa? 'Allah shi ja zamaninka.' Ga wani nan ƙasa, 'in Allah ya so.' Su ba suna ba ne?"

Wallahi wasa nake yi. Amma Kallamu ya karɓi takardar, ya duba, ya ɗauki wata, ya ɗauki wata. Babu wadda ba ta da sunan sau uku, sau biyar. Mutanen da, ko akuya za su ba da labari sai sun ambaci Ubangiji. Ya gwada fitar da su ɗaya-ɗaya da bakin reza, wasiƙa uku sunka koma kamar rariya. Ya ajiye rezar, ya riƙe kai.

Ranar bai ci tuwo ba. Tsahara ta tare ni a zaure ta ce, "Kai da bakinka! Saura kwana biyar matar ta zo, ka tsayar min da miji tsakanin wuta da zunubi." Ya kasa ƙonewa, ya kasa ci gaba da yanka. Shef kuma kullum sai ya leƙo ya tambayi wurin tayoyinsa.

Malamar ta iso ranar Litinin a motar gwamnati. Madam Hadjara sunanta, 'yar Maraɗi, ta yi karatun aikin a Dakar, kuma ba ta kai Kallamu shekaru ba. Ni na je kallo, na tsaya a taga tare da wasu. Ta zagaya ɗakin, ta zura hannu bayan katako, ta buɗe kwali biyu, ta ce a kawo mata takarda kaza ta shekara kaza, ya kawo kafin ta gyara gilashinta. Har ta ciro alƙalami. Sai idonta ya faɗa lungu.

"Malam Kallamu, waɗancan fa?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, bai ɓoye kome ba, har gwangwanin ya buɗe mata. Ta daɗe tana kallon ciki. Ta ɗauki wasiƙa guda marar kai ta miƙa masa.

"Ni ban iya wannan rubutun ba. Karanta mini."

Ya karanta. Wani mai gari ne daga wajen Tajaye, shekarar da fara ta cinye gero. Ya ce rijiyarsu ta rufta da mutum uku, ya faɗi sunayensu da na iyayensu. Ya ce mata na tafiyar yini neman ruwa. Ya roƙi a bar masa samari goma da anka nema don aikin hanya, su haƙa wata. Shafi biyu cur.

"To buɗe littafin tafinta, mu ji abin da ya ce."

Kallamu ya bi lamba da yatsa, ya samo. Layi ɗaya ne: mai gari yana gaisuwa, yana roƙon sassauci.

Madam ta ce, "Ina mutum ukun?"

"Ba su nan, Madam."

"Ina rijiyar?"

Ya sake bin layin da yatsa har ƙarshe. Ta mayar da alƙalaminta jaka, kuma na ga idon Kallamu ya bi shi har ya shige.

Ta ce, "Rabin laifin nawa ne. Sati uku ina magana, ko sau ɗaya ban ambaci ajami ba. Amma rezar taka ce. Ba zan sa hannu a ɗakin da aka yanka takardu ba. Zan dawo bayan kaka. Kowane kai ya koma jikinsa."

Shef ya buɗe baki zai yi zancen tayoyi, ta dube shi ta saman gilashi, ya ce da ma gaisuwa zai yi.

Ta ƙara kwana biyu don ta nuna masa gyara. Ba a shafa ƙaro, ba a ɗinki. Ana dama koko tsararo, a shafa a wata siririyar takarda shara-shara da ta bar masa, a manna ta baya, a danne da katako har ta bushe. Wannan mai sauƙi ne. Wahalar ita ce gano wane kai ne na wa, don duk abu ɗaya sunka ce, kuma ya zuba su a gwangwani kamar wake.

Shef ya ce shaida ba ta fito ba, saboda haka da safe keke, da la'asar ɗaki. Wata biyar Kallamu ya yi a haka. Ya fara rarraba su da launin tawada, baƙa wuluk daban, mai ja-ja daban. Ya koma gane hannu: wani magatakarda yana jan wutsiyar baƙi kamar ba za ta ƙare ba, wani yana matse rubutu don rowar takarda. Inda ruwan ɗaki ya taɓa ɗiga, tabon ya bi daga kai zuwa jiki. Abin da ya fi taimakonsa kuwa, hannunsa ba ya yanka daidai, kowace ya karkace ta da irin nata karkacen. Na ce masa da gwanin wanzami ne da ya shiga uku. Ya jefe ni da takalmi.

Tsahara ta dama koko har ta ce ita ma a ba ta shaida.

Madam ta dawo ana sussukar gero. Ta yi yini guda tana ɗaga wasiƙu ga haske. Duk sun haɗu sai kai bakwai da sunka rasa jiki, da jiki bakwai da sunka ƙi karɓarsu, ga kuma ukun nan masu huji.

Ya ce, "Madam, in na matsa musu za su shiga. Ba mai ganewa."

"Kai fa?"

"Ni na sani."

"To kada ka matsa."

Ta sa ya zuba su a ambulan, ya rubuta a takarda abin da ya faru, da kwanan wata, da dalili, da sunan wanda ya yi yankan. Ya rubuta da ajami, ya sake rubutawa da faransancinsa mai ɗingishi, ta ƙi gyara masa ko baƙi ɗaya. Anka sa takardar a saman kwalin farko. Sannan ta ciro alƙalami ta sa hannu.

Yanzu shekara biyu ke nan. Daga Illela da Malbaza ana turo masa sabbin ma'aikata su ga yadda ake yi, cikinsu har masu ilmin da ya ninka nasa. Kafin ya nuna musu katako ko lamba, sai ya sauko da kwalin nan, ya miƙa wa wanda ya fi kowa ɗaga hanci takardar, ya ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. In ya kai wurin sunan mai yankan ya yi jinkiri, Kallamu ya ce, "Karanta mana, yaro. Ni na."