Karan Awo

Har yau, idan aka karya busasshen karan dawa kusa da ni, sai gabana ya faɗi. Jiya ma haka ta faru. Jikata tana haɗa wuta, ta sa gwiwa ta karya kara, ƙas, ni kuma ina zaune a inuwa sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ina za ta gane? Abin ya girmi uwarta ma. Amma kai da kake karanta wannan, bari in faɗa maka, ko na rage nauyinsa.

A Gwandu aka haife ni, tun Turawa ba su tafi ba. A lokacin da abin nan ya faru ban wuce shekara bakwai ko takwas ba, don ba wanda ya tsaya ƙirga mana. Kakana na wajen uba maɗinki ne. Shekara da shekaru yana zaune kan buzu a zauren gidanmu, ya jingina da bango, allura a hannu, yana ɗinkin manyan riguna. Bangon nan har ya yi santsi, ya ɗan lotsa daidai inda bayansa yake taɓawa. Zauren kullum ƙamshin sabon ƙyalle da shuni yake yi. Ni ce amaryarsa, haka yake kirana, ni kuwa in murguɗa baki in ce ba zan auri mai haƙori uku ba. Ya ce to in jira su fito, yaro ne shi. Duk gidan ba wanda nake so kamarsa, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Sai babana ya sayo masa keken ɗinki, irin wanda ake takawa da ƙafa. Unguwa ta taru kallo. Abin da ba wanda ya yi tunani shi ne, keke ba a ɗinka shi daga ƙasa, sai mutum ya hau wani abu. Aka fara kifa masa turmi. Goggo, ƙanwar babana da take riƙe da gidan, ta ce ba a gabanta ba, namiji ba ya zama kan turmi, kuma ita da me za ta yi daka? Aka kawo kujerar mata, ta yi ƙasa da yawa, sai goshinsa kawai kake hangowa ta bayan keken. A ƙarshe aka samo akwatin katako na gwangwanayen kananzir. A kansa ya zauna wata da watanni, ba majingina, ya ranƙwafa kamar mai tsintar gyaɗa. Mutumin da bango ya riƙe wa baya tsawon rayuwarsa, aka raba shi da bangon rana ɗaya.

Bayan an gama girbi, wata safiya ya sunkuya zai ɗauki almakashi, bai miƙe ba. Sai ɗauko shi aka yi aka kwantar kan tabarma. Wanzami ya zo ya yi masa ƙaho, Goggo ta yi ta gasa masa bayan da tsumma da ruwan zafi, ana shafa man shanu. Salla ma a kwance yake yi. Aka lulluɓe keken da zane. Zauren da ba ya rabo da ƙara ya yi tsit, ni kuwa tsit ɗin nan na riga na san shi, don daminar da ta wuce kakata, matarsa, ta rasu.

Ranar da ta rasu na ga wani abu da bai bar ni ba. Goggo ta fito daga ɗakin da aka yi mata wanka riƙe da dogon kara, ta miƙa wa maza ta saman zana, suka tafi da shi. Na tambayi innata na mene ne. Ta murɗe mini kunne tukuna, sannan ta ce tsawon mamaci ke nan, da shi ake auna ramin. Na kuma ga guntayen itace da aka sare aka fita da su, aka ce su ake jerawa a rufe kabari. Tun daga ranar na san abin da kara da itace suke nufi idan suka haɗu a gida ɗaya.

Kaka ya yi kamar mako biyu a kwance, sai ga wani tsohon amininsa ya iso daga Kalgo a kan jaki. Masassaƙi ne, mai turame da akusa da sirdin doki, hannayensa duk tabon gizago. Na kai masa ruwa na koma cikin gida, ban ji abin da suka tattauna ba. Can sai ya leƙo ya kira ni.

"Ɗiyata, tahi ki ɗauko man kara. Dogo, miƙaƙƙe."

Na je na zaro daga tarin da ke bayan rumbu, ban kawo komai a raina ba. Sai da na miƙa masa na tsaya bakin ƙofa, sannan na ga abin da na kawo. Kaka yana kwance ta gefen dama, an rufa masa farin mayafi. Mutumin ya durƙusa ya shimfiɗa karan a jikinsa. Daga diddige zuwa gwiwa, ya sa wuƙa ya yi tsaga. Daga gwiwa zuwa ƙugu, ya yi tsaga. Daga ƙugu zuwa kafaɗa, ya sare abin da ya rage.

"To, awo ya yi," in ji shi. "Itacen na nan aje, ƙirya ce, ba ta ruɓewa. Ba ni kwana goma. In anka aza ka, ka huta ke nan, ciwon baya ya ƙare."

Kaka ya ce, "Allah shi sa. Na gaji da wagga wahala."

Kada ka yi mini dariya tukuna. Ka sa kanka a matsayina. Ga kara, ga itace, ga maganar hutawa, ga shi da bakinsa ya ce ya gaji. Kuma ni na kawo karan da hannuna. Ban iya tambayar kowa ba, don a gidanmu yaron da ya ambaci mutuwa a kan marar lafiya, bakinsa ne zai gaya masa. Sai na haɗiye abina.

Da aka kira la'asar baƙon ya jingine karan a bango ya tafi masallaci. Kaka ya ɗan rufe ido. Na lallaɓa na ɗauka. Da farko na so in jefa shi a wuta, sai na tuna kara ba ya ƙarewa a bayan rumbu, wani za a sa in ɗauko. Sai wata dabara ta zo mini, irin ta mai shekara bakwai: idan ramin bai kai tsawonsa ba, ai ba nasa ba ne, dole a mayar mana da shi gida. Na auna taƙi ɗaya na hannu da ɗan ƙari daga gindin karan, na sa gwiwa. Ƙarar nan, ƙas, na ɗauka duk Gwandu ta ji. Na goga bakin a ƙasa don kada ya nuna sabo, na mayar da shi inda yake, guntun kuma na cusa a cikin danga. Washegari mutumin ya ɗaure karansa a jikin jaki ya kama hanyar Kalgo.

Kwana goman nan ban taɓa yin irinsu ba, kuma na yi shekaru da yawa bayansu. Na daina zuwa wasa. Da gari ya waye sai in je in zauna kusa da kansa, ina kallon mayafin, in ga yana ɗagawa ko ya daina. Idan ya jima bai motsa ba, in taɓa masa yatsan ƙafa. Ya ce, "Amarya, wagga irin kulawa, ko kin yarda da auren ne?" Da na ji kukan jaki a ƙofar gida sai in ruga in leƙa. Goggo ta ga na rame, ta ce tsutsar ciki ce, ta ɗura mini jiƙon maɗaci. Na sha ban yi gardama ba, abin da ya ƙara ba ta tsoro.

A rana ta huɗu wani tunani ya zo wanda ya fi na farko muni. Ina kallon Goggo tana cusa zannuwa cikin ƙaramin adudu, tana nannaɗewa tana dannawa. Sai na ce a raina, idan fa ba su mayar da shi gida ba? Idan suka tanƙwara shi suka cusa haka nan? Mutumin da ko juyi aka yi masa sai ya yi nishi, ni na sa zai kwanta a tanƙware har tashin ƙiyama. Na je gindin danga na zaro guntun na riƙe, ban san yadda ake mayar da kara ba bayan an karya shi. Kalgo kuwa ko hanyarta ban sani ba. Na zauna nan na yi kuka ba sauti, don kada a tambaye ni.

Rana ta goma sha ɗaya da hantsi, ina zaure, sai ga mutum biyu sun shigo ɗauke da wani abu an naɗe shi da tabarma, masassaƙin yana biye. Na manne da bango na rufe ido. Na ji ana kwance igiya, na ji Kaka ya ce masha Allah. Na buɗe ido ɗaya.

Kujera ce. Kujerar ƙirya mai majingina, an ɗan lanƙwasa ta daga ƙasa kamar bayan sirdi don ta tare ƙugu, mazauninta saƙar igiyar fata, ba ta da hannuwa don kada ta tare gwiwar hannun mai ɗinki. Daɗin da na ji bai kai ƙiftawar ido ba, don nan take na gane abin da na yi.

Aka tallafi Kaka aka zaunar da shi gaban keken. Gwiwoyinsa suka taso sama, haɓarsa ta kusa taɓa teburin. Ya miƙa hannu zai kama ƙyalle, ya cije leɓe ya saki. Ta fi akwatin kananzir ma gajarta. Masassaƙin ya matso. Ya ɗauko karan ya gwada da ƙafar kujera, daidai. Ya gwada da ƙafar Kaka, saura taƙi guda. Ya sake gwadawa.

"Tun ina sassaƙa na ga ta yi gajarta," ya ce a hankali, "sai nic ce kara ba ya ƙarya. Ashe idona ne yat tahi. Aikin ga ya ƙare man ke nan."

Goggo, daga bayan ƙofa, ta fara salati, tana cewa kara ya ragu da kansa, wannan ba ƙaramar alama ba ce. Tsoho ya yi tafiyar yini biyu da aikin kwana goma, ga shi yana shirin ajiye gizagonsa saboda ni. Na fi tsoron bulalar Goggo da komai a duniya, amma na buɗe baki.

"Ni na karya."

Duk suka juyo.

"Don kada ramin ya ishe shi," na ce, sai kuka ya ƙwace.

"Wane rami?" in ji Goggo.

Kaka ne ya fara ganewa. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga ta zo masa. Ya ce kada wanda ya taɓa ni, ya jawo ni jikin gwiwarsa, ya daɗe yana dafe da kaina. Sannan ya ce, "To amarya, kin hana ni kabari, kin hana ni kujera. Ina kike so in zauna?" Masassaƙin ya juya fuska yana share ido da hannun riga, har yau ban san ko dariya ce ko kuka ba. Ya ce in kawo guntun. Na zaro shi daga danga. Ya auna, ya sassaƙa gutsattsarin itace huɗu daidai tsawonsa, ya fafe su ya dasa ƙafafun kujerar a ciki. Muka riƙa kiransu takalman kujera.

Da aka sake zaunar da shi, tafin ƙafarsa ya sauka kan matakin keken ba tare da ya miƙa ba, gwiwa ta yi daidai da ƙugu, majinginar ta karɓi bayansa inda bango yake karɓa a da. Ya sauke wani dogon numfashi. Bai warke a ranar ba, amma kafin bazara keken ya dawo da ƙararsa. Shekara shida ya ƙara yana ɗinki a kanta, a nan ya koya mini. Duk baƙon da ya tambayi takalman sai ya ba shi labari, ya ƙare da cewa ranar awon gaske a bar amaryarsa ta zaɓo karan, amma a sa mata ido.

Ranar ta zo. Ana cikin yi masa wankan gawa Goggo ta same ni a bayan ɗaki, idonta jawur, ta ce, "Ke yac ce." Na je bayan rumbu na zaɓi wanda ya fi duka tsawo da miƙewa. Na ɗauko shi da hannu biyu, a hankali, kada ya taɓa ko da danga.

Yanzu kujeru sun cika kasuwa, har da masu taya da ake ɗagawa a sauke. Ba mai auna kowa, kai ne za ka auna kanka da abin da ka tarar. Jikata da take ɗinki ta sayi wata don kyanta, wata biyu ta fara riƙe ƙugu. Na ce ta zo ta gwada tsohuwar da ke ɗakina. Ta zauna, ta jingina, ta ce kamar don ita aka yi, sai dai waɗannan guntayen na ƙasa sun ɓata ta, za ta kira kafinta ya cire. Na ce ta ɗauki kujerar, na ba ta har abada. Takalman kuwa ta bar su inda suke, sai bayan an auna ni.